Kundin Soja: Kwikwiyon da Aka Haifa da Tangaɗi

7 ga Disamba, 2024

Karyar da ke gadin gonar kajina a bayan Shika ta haihu ranar 13 ga Nuwamba, 'ya'ya biyar. Biyu sun mutu kafin su cika mako biyu. Kuka suka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, suka saki nono, kashegari aka tarar sun sandare. Lokacin hunturu ya fara sauka, kuma ɗakin da ta haihu ba shi da ƙyaure.

Saura uku, mata biyu da namiji ɗaya. Matan tun makon jiya suka miƙe, har suna kokawa da juna. Namijin ne abin dubawa. In yana barci ko yana kwance ba za ka ga komai ba. Da ya yunƙura zai tashi sai kansa ya kama rawa, ya ware ƙafafun baya, ya ɗaga ta gaba sama fiye da kima ya buga da ƙasa kamar soja a fareti, taku biyu ko uku sai ya kife ta gefe. Daga nan yarana suka laƙaba masa Soja, sunan kuma ya bi shi.

Yaron gona ya ce, "Alhaji, wannan ko iska ce ta shafe shi, ko kuma hauka ke tafe. Gara a kai shi bayan gari." Na ce a bari tukuna likita ya gani, amma kada yara su taɓa shi, kada kuma kowa ya kai hannu bakinsa. Zan riƙa rubuta halin da yake ciki a nan yadda nake rubuta na kaji.

10 ga Disamba

Na ɗora su a sikelin kaji. Matan kilo 2.1 da 2.0, Soja 1.6. Yana son nono, amma kafin ya saita baki 'yan uwansa sun ture shi.

12 ga Disamba

Mun kai shi wurin likitan dabbobin da ke duba min kaji. Maganar hauka ya fara kashewa. Uwar tana da allurarta, ba abin da ya ciji kwikwiyon, sannan ya ce, "Alhaji, kare in alamun hauka suka bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana goma. Wannan tun yaushe yake haka, ga shi yana ci yana kaɗa bindi?"

Ya ajiye shi a ƙasa ya tsaya yana kallo, bai taɓa shi ba sai da ya ga ya faɗi ya tashi da kansa. Sannan ya auna zafin jiki, ya leƙa kunnuwa, ya matsa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfi na nan, ba shanyewa. Ya saki ɗan auduga a gaban idonsa, Soja ya bi ta da kallo har ƙasa. Ya shafa tsakiyar kansa yana neman maɗiga, domin akwai wata nakasar ta taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, wadda ke sa kai ya yi tulluwa, maɗiga ta ƙi rufewa, idanu su karkata ƙasa da waje. An fi ganinta a ƙananan karnukan Turawa irin su Chihuahua. Kan Soja daidai yake.

Bayanin da ya yi min shi ne, a bayan babbar ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, akwai wata ƙarama. Aikinta auna motsi: iya inda ƙafa za ta ɗaga, inda za ta sauka, lokacin da wuya zai tsaya in baki ya kai ga abinci. Ta Soja ba ta gama ginuwa ba. Shi ya sa yake da ƙarfi da wayo amma komai ya nufa sai ya zarce ko ya gaza, kuma rawar kan ba ta zuwa sai ya yi niyyar wani abu. A kare da kyanwa wannan ɓangaren yana ci gaba da girma har makonni bayan haihuwa, saboda haka duk abin da ya same shi a ciki ko a kwanakin farko yana barin tabo.

Ya ce ta ƙofa biyu abin ke shigowa. Ɗaya ƙwayar cuta. A kyanwa sananne ne, in uwa ta kamu da cutar da ke 'yar uwar fabo (cutar amai da zawo ta karnuka) tana da ciki. A kare akwai ƙwayar hafis, wadda ke son jiki mai sanyi, jariran karnuka kuwa jikinsu bai kai zafin na manya ba. Tana kashe su cikin makonni ukun farko, da irin kukan nan da na ba shi labari, wanda ya tsira kuma yana iya tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Ƙofa ta biyu gado. Ya tambaye ni uban, na ce shi da uwar ciki ɗaya ne, tare na saye su. Ya ɗan yi shiru, ya rubuta.

Na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin kai ce ke nuna abin ƙuru-ƙuru, amma ya ce kuɗinta zai fi kuɗin karnukan gonar duka, kuma ba za ta sauya abin da za mu yi ba. Gwajin da ya ba ni na haƙuri ne. In rashin ginuwa ne tun asali, abin ba ya ƙaruwa, ba ya ciwo, kare ma yakan koyi dabarun zama da shi. Akwai kuma wata cuta mai kama da wannan wadda ake haihuwar kwikwiyo lafiya, daga baya ƙwayoyin wannan ɓangaren su riƙa mutuwa, kullum jiya ta fi yau. Distamfa ma, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Don haka duk mako in ɗauki bidiyonsa a wuri ɗaya, yana tafiya zuwa ga kwano, mu kwatanta.

"Magani fa, Likita?" Ya ce babu, kuma kada in bari kowa ya sayar min da allurar ƙarfin jijiya.

Ganin likita naira 5,000, maganin tsutsar ciki 2,500.

16 ga Disamba

Aikin makon nan daɓe ne. Simintin ɗakin sumul yake, ƙafafunsa sai zamewa suke ta ko'ina, haɓarsa har ta goge. Na fara shimfiɗa buhunan abincin kaji, sai na ga sun fi simintin santsi. Buhun algarara ya riƙe ƙafa, amma farcensa na maƙalewa a zare, kuma da ya yi fitsari sai wari. Abin da ya yi aiki shi ne tabarmin roba na ƙasan mota da na samo wurin 'yan gwangwan a Sabon Gari, masu ƙurji-ƙurjin nan. Ana wanke su da tiyo su bushe nan da nan. A waje kuma na sa an zuba yashi a wani ɗan fili aka kewaye da katako, don in ya faɗi ya faɗi a taushi.

Cin abinci ya fi tafiyar wuya. Da ya ga kwano rawar kan ke tsananta, yana saran abincin da hanci, rabi a fuska rabi a ƙasa, kwanon silba kuma na gudu a gabansa. Na sauya da kasko mai nauyi, na dasa shi a cikin tsohuwar tayar baro da aka cika da yashi, ya ɗan ɗago zuwa ƙirjinsa. Kafinta ya kafa katako biyu a tsaye, tsakaninsu faɗin jikinsa da ɗan ƙari. In ya shiga wannan lungun sai ya jingina kafaɗa hagu ko dama, kan ya ragu da rawa. Likita ya ja kunnena a kan abinci mai ruwa-ruwa, saboda shaƙewa na iya kai shi ga huhu. Don haka tuwon masara ake dama masa da dafaffen ƙwai da garin busasshen kifi, da kauri yadda zai ɗauka da baki.

An sa wa ɗakin ƙyaure. Tabarmi 4,000, yashi 3,000, kasko 1,200, kafinta 2,000.

21 ga Disamba

Shi kaɗai yake ci yanzu, a rufe, sai ya gama a saki matan. Bidiyon yau da na makon jiya kusan ɗaya.

26 ga Disamba

Allurar rigakafi ta farko, wato DHLPP, mai haɗe da distamfa da fabo, su ukun, naira 9,000 kowanne. Na tambaya ko allurar za ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, likita ya ce a'a, shi ma ya fi buƙatarta. Soja kilo 2.4, matan sun haura 3. Ya gano dabarar bin bango: in zai je wurin ruwa sai ya manna haƙarƙari da katako ya bi shi har can, ko da hanyar ta fi tsawo.

2 ga Janairu, 2025

Ya ratsa filin yashi daga wannan gefe zuwa wancan bai faɗi ba. 'Yata ta gani ta taga ta yi ta ihu. Da yamma ya ɗan yi zawo, ga alama dusar kaji ya samu ya ci. Gobe zan tafi Kano biki.

8 ga Janairu

Na dawo jiya da dare na tarar da abin da ban so ba. Soja ba ya iya tsayawa ko kaɗan. Ƙafafun sun sanƙare, kai ya karkace, in ya yunƙura sai ya mirgina. Ƙwayar idonsa na fizga sama da ƙasa ba tsayawa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi amai, ya ƙi abinci. A da ko ya faɗi bindinsa na kaɗawa, jiya kuwa kuka yake yi ƙasa-ƙasa.

Maganar likita ce ta dawo min, cewa in abin na ƙaruwa to ɗaya cutar ce, ko distamfa. Na kwana ina lissafin yadda zan faɗa wa yara in aka ce a yi masa allurar hutu.

Da safe muka je. Ba zazzaɓi, ba kwantsa a ido, ba majina, ba tari. An gwada kashinsa don fabo, babu. Likita ya ce cutar da ke cinye ƙwaƙwalwa a hankali take tafiya, ba ta kayar da kwikwiyo haka cikin 'yan kwanaki. "Alhaji, wani abu ya shiga cikinsa. Me aka ba shi?" Na ce ba komai. Ya ce in tambaya dai.

Na kira yaron gona a waya. Sai ga zance ya fito. Da zawon ya ci gaba bayan tafiyata, ya je kemis ya sayo Flagyl mai 400, yana raba ƙwaya biyu, rabi da safe rabi da yamma, tun ranar Juma'a. "Wallahi Alhaji taimako na yi. Mu ma in ciki ya ɓaci shi muke sha."

Likita ya ɗauki biro ya raba: miligiram 400 a rana ga kwikwiyo mai kilo 3, ya haura 130 a kowane kilo. Su ma suna ba karnuka wannan maganin, amma da awon nauyi, kuma abin da aka ba Soja ya ninka ƙa'ida sau da yawa. In ya yi yawa, wurin da yake bugawa shi ne daidai ɓangaren daidaita jiki, wato inda Soja ke da rauni tun farko. Ya ce ko lafiyayyen kare aka yi wa haka sai ya kife.

An sa masa ruwa, an yi masa allurar diyazefam, wadda ya ce tana gaggauta farfaɗowa daga irin wannan guba, ya ba ni na gida da awonsa a rubuce. Naira 18,000 duka.

Ban kori yaron ba. Wanda ya ce a jefar da kwikwiyon a bayan gari shi ne ya cire kuɗin aljihunsa ya sayo masa magani. Haushina yana kan mai kemis ɗin da aka ce masa na kare ne, bai tambayi ko girmansa ba ya miƙo. Yanzu doka ce a gonar: ba a ba kowace dabba ƙwaya sai an kira ni.

10 ga Janairu

Idon ya daina fizga. Ya lashi ƙwai daga tafin hannuna. Ana juya shi daga gefe zuwa gefe, ana sauya tsumman ƙarƙashinsa.

14 ga Janairu

Ya tsaya a lungun katako ya ci da kansa. Tafiya sai da bango.

18 ga Janairu

Na jera bidiyon yau da na 2 ga wata. Ya koma inda yake, ko ma ya ɗan fi. Na tura wa likita ta WhatsApp, ya amsa da cewa wannan ita ce shaidar da muke jira: abin da ya ƙaru ya tafi da maganin, na asali kuma yana nan yadda yake. Nauyi ya tsaya a 3.4, rashin lafiyar ta cinye masa kusan mako biyu na girma.

23 ga Janairu

Allura ta biyu. Kilo 4.

28 ga Janairu

Wani dattijon mafarauci daga wajen Giwa ya zo ɗaukar matan biyu. Ya daɗe yana kallon Soja, ya ce, "Ɗana, karen da ba zai bi zomo ba, ba zai kori ɓarawo ba, me za ka yi da shi?" Na ce, "Baba, tun kana bakin ƙofa wa ya fara haushi?" Ya yi dariya ya ce shi ne kam. Kunnensa da hancinsa ba abin da ya same su, kuma da yake ba ya yawo, kullum yana inda zai ji motsin ƙofa.

Na faɗa masa gaskiyar komai, har da cewa iyayen ciki ɗaya ne, na roƙe shi kada ya haɗa matan da wani kare na wannan gidan. Ya ce su a wurinsu tun kakanni ba sa barin jini ɗaya ya maimaitu, daga wani ƙauye suke nemo namiji. Ya rage kuɗi kaɗan saboda abin da ya gani, ban ja ba.

1 ga Fabrairu

Saura ƙiris yau. Tun da 'yan uwansa suka tafi ya ƙara ƙarfin hali, ya tura katakon filin yashi ya fita, ya nufi bahon da muke wanke mazuban ruwan kaji. Ya leƙa zai sha, kan ya zarce, jiki ya bi. Ruwan bai kai tsawon hannu ba, amma shi in ya kife ba ya iya gane sama da ƙasa da sauri. Yaron gona ne ya ji fantsama ya ciro shi. Ya yi ta tari, muka goge shi muka ajiye a rana. Likita ya ce in sa ido kwana biyu, in numfashi ya sauya ko ya yi zazzaɓi in kawo shi.

An yi wa bahon murfin kwano, naira 1,500. Na zaga gonar ina duba ta da idon kare mai tangaɗi, na ga abubuwan da ban taɓa lura da su ba: kwatar bayan ɗakin kaji, matakala uku na sito, bakin rijiya da ba shi da tsawo. Ruwan shansa yanzu a faffaɗan kasko ne, zurfin yatsa biyu.

4 ga Fabrairu

Ba tari, ba zazzaɓi.

13 ga Fabrairu

Ya cika wata uku, an yi masa allurar haukar kare, naira 4,000, an ba mu katinsa. Kilo 6.1.

Likita ya kawo hannu da sauri wajen idonsa ba tare da ya taɓa ba. Soja bai ƙifta ba. A Disamba bai yi wannan gwajin ba, domin ko lafiyayyen kwikwiyo sai ya kai mako 10 zuwa 12 yake koyon ƙiftawa in an yi masa barazana. Yanzu da ya wuce haka bai yi ba, alhali yana gani sarai, ya ce wannan ma alama ce ta ƙaramar ƙwaƙwalwar, don da ita ake wannan ƙiftawar. Amfanin sanin a wurina shi ne idonsa na cikin haɗarin tsinke da ƙaya, sai a sare ƙananan rassan da ke bakin shingen.

Mun koma kan maganar gado. Ya ba ni labarin wani jinsin kare na Jamus mai suna Eurasier, wanda aka yi ta samun 'ya'yansa da irin wannan tangaɗin. A 2015 masu bincike a Suwizalan da Jamus suka gano lahanin a ƙwayar halitta mai suna VLDLR. Sai kwikwiyo ya gaji lalatacciyar daga uwa da uba duka abin ke bayyana. Iyayen lafiyarsu ƙalau, amma kowane ɗa da za su haifa yana da kashi ɗaya cikin huɗu na fitowa da nakasar. A can gwaji ake yi wa kare kafin a haɗa shi. Mu da ba mu da gwajin, ya ce, abin da ke hannunmu shi ne kada wannan uwa da wannan uba su sake haɗuwa. Ko hafis ce ko gado, shawarar ba ta da asara.

20 ga Fabrairu

Allura ta uku, 9,000. Kilo 7. Yanzu yana gudu, irin nasa: tsalle da ƙafafun baya tare, ya zarce inda ya nufa, ya juyo. A guje ya fi daidaito fiye da a hankali, abin da ya ba ni mamaki. Rawar kai na nan lokacin cin abinci da lokacin da ya ga yara sun dawo daga makaranta. Lungun katako ya yi masa kaɗan, kafaɗunsa na gogawa.

Abin da na kashe a kansa shi kaɗai zuwa yau ya kai naira 68,000 da 'yan kai, ban da abinci.

Abin da ke gaba: allurar ƙarshe bayan ya cika mako 16, a farkon Maris. A faɗaɗa lungun cin abinci a ɗaga kaskon. Zafi ya fara, filin yashi zai yi ƙuna da rana, don haka za a kafa rumfar zana a kansa kafin azumi. Farcensa ba ya cinyewa daidai saboda yadda yake taka ƙasa, likita zai nuna wa yaron gona yadda ake yankewa. Za a yi wa uban dandaƙa ranar Litinin, uwar kuma a cire mata mahaifa in na sayar da kajin da ke ɗaki na biyu. Shi Soja sai ya ƙara girma za a yi nasa, likita ya ce zai rage masa maganin barci ya kuma riƙe shi a wurinsa har ya farka sosai.